Waƙar da Potitsa Ta Tanada wa Gawarta

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta kan tudu a Piraeus, garin bakin teku kusa da Athens, inda mutanen yankin Mani suka taru suka gina gidaje a kan juna, ya san Potitsa. Ko bai san sunanta ba, ya san bokitinta. Tsohuwa ce siririya mai baƙin kaya tun daga kallabi har safa, tana wanke matakalar benaye uku a titin da ya gangara tashar jiragen ruwa. Masu gidajen sukan same ta a durƙushe su tsallake hannunta, wasu har da tsaki don ta jiƙa musu hanya. Ba su san cewa matar nan da suke tsallakewa ta yi shekara arba'in a ƙauyensu ba a ɗaga gawa sai ta iso ba.

Aikinta waƙar makoki. A wajenmu idan mutum ya mutu, mata sukan kewaye shi, su kwance gashin kansu, ɗaya ta ɗauki waƙa. Ba hadda ba ce, a nan take ake ƙaga ta. Za ta ba da labarin mamacin tun daga haihuwa: gonar da ya tsince wa duwatsu, wanda ya cuce shi, wanda shi ya cuta, abin da ya bari bai gama ba. Idan ta kai ƙarshen baiti sai ta yi shiru, sauran matan su amsa mata da kalmominta na ƙarshe, su ja numfashi tare, sannan ta ci gaba. Kowace mace tana taɓawa, amma ta Potitsa daban ce. Ta taɓa sa wani ƙato da ya yi shekara goma sha tara ba ya ga maciji da ƙanensa saboda itacen zaitun guda ya faɗi a kan akwatin gawar ƙanen yana neman gafara, a gaban jama'a, da gashin bakinsa da komai.

Abu biyu ne ba a wasa da su a ƙauyensu. Waƙar kowa tasa ce, sau ɗaya ake yin ta, a kansa, yana kwance yana ji, daga nan ta ƙare. Sannan ba a yin ta inda babu gawa, domin mutuwa tana da kunne, in ta ji an kira suna za ta zo ta duba. Idan ta kama dole, kamar uwa tana koya wa 'yarta, sai a ɗora dutse a tsakiya a ce masa, "Kai ake yi wa." Abin da aka yi wa dutse ba ya shiga lissafin sau ɗayan nan.

Shekarar da mijinta Dikeos ya rasu, 'yarta Garifalia ta je ta kwaso ta zuwa birni. Garifalia tana auren wani mai gyaran injin jirgi, tana da firiji da labule mai fure, kuma ta yi shekara ashirin tana kankare harshen ƙauye daga bakinta. Ba muguwa ba ce. Kunyar inda ta fito take ji, kuma uwarta ita ce inda ta fito.

Wata shida da zuwan Potitsa, wata 'yar ƙauyensu mai suna Vasilo ta mutu a asibiti. Aka kai ta ɗan cocin maƙabarta. Potitsa ta matsa kusa da akwatin, ta zame kallabi, ta ɗauki waƙa. Baiti ɗaya ta yi, ta tsaya jiran amshi. Ba wadda ta amsa. Mai kamfanin jana'iza ya dubi agogonsa ya ce, "Iya, yi haƙuri, akwai wata gawar tana jira a waje."

Garifalia ta damƙe mata hannu. "Mama, don Allah. Kowa mu yake kallo."

"To su kalla mana. Vasilo ce fa. Ita ta karɓi haihuwarki."

"Na sani. Mayar da kallabinki. Nan ba ƙauye ba ne."

Cikin minti ashirin an gama, an sha gahawar ta'aziyya marar sukari, kowa ya kama motar unguwarsu. Vasilo mai 'ya'ya tara ta shiga ƙasa shiru, kamar an binne kyanwa. Daga ranar tsoro ya kama Potitsa. Ba mutuwar take tsoro ba, ta zauna kusa da ita har sun saba. Tsoronta kada a kai ta haka, ba wanda ya faɗi wace ce aka kawo.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa jin wata ta yi ba: ta shiga ƙaga wa kanta waƙa. A zuci take yi, tana wanki, matakala ɗaya layi ɗaya. Ta sa shekarar farin da aka haife ta. Ta sa duron ruwa na katako da ta yi shekara talatin tana goyo daga rijiya zuwa saman tudu. Ta sa ɗanta Petros da ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, ta sa Dikeos da rashin maganarsa. Shekara uku tana gyara ta. Da ta kammala, ta roƙi Garifalia ta koya.

"Mama, ke lafiyarki ƙalau. Daina kira wa kanki abu."

"Ba kira nake ba, shiri nake."

"Ni ba zan tsaya gaban dangin mijina ina ihu da gashi a kwance ba. Fadan coci zai yi addu'a, za a sa fure. Me ya rage?"

Potitsa ba ta ƙara tada maganar ba.

Ana haka sojoji suka sauka daga mulki, sai ga wani sabon yayi a Athens. 'Ya'yan mutanen da suka gudo daga ƙauye suna toshe hanci suka wayi gari suna son ƙauye. Samari suka tara gemu, 'yan mata suka rataya jakar saƙi irin ta makiyaya, wadda suka saya a kanti da tsada. Kowane lungu aka buɗe gidan gahawa, ana zama a kan gajerun kujeru ana rera waƙoƙin kakanni da jita. Suka bazama da rikoda suna farautar tsofaffi. A shekarun baya da ka yi irin waƙar nan a motar haya, iyayensu ne za su matsa daga kusa da kai.

Ta haka Ismini ta iso. 'Yar likita ce, shekararta ashirin da shida, tana waƙa a ɗaya daga cikin gidajen nan. Ta sami Potitsa a bene na biyu, hannu cikin kumfa.

"Goggo, ke ce Potitsa ta Mani?"

"Ni ce ta matakala. Ɗaga ƙafarki."

"An ce ba a yi mai waƙar makoki kamarki ba."

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa. So nake in koya."

"To je ki jira wani ya mutu, ki dawo."

Ta dawo washegari, ta dawo jibi. Rana ta huɗu ta tuɓe takalmi, ta karɓi tsumma, ta wanke rabin bene, wanki irin na wadda ba ta taɓa riƙe tsumma ba. Potitsa ta bi bayanta tana sakewa tana mita. Amma da yarinyar ta ɗan rera wata waƙar shimfiɗar jariri don ta nuna muryarta, sai tsohuwar ta tsaya cak. Muryar tana da kauri daga ƙasa, irin wadda ke kaiwa ƙarshen maƙabarta ba tare da an yi ihu ba. A wannan ba zan yi wa Ismini ƙarya ba, Allah ya ba ta.

A ɗakinta na bayan kicin Potitsa ta jawo wani farin dutse daga ƙarƙashin gado, wanda ta ɗauko daga gonar Dikeos, ta ɗora a kan tebur.

"Zan koya miki duk abin da na sani. Yadda ake shiga, yadda ake karya murya, inda ake shiru. Ki kai gidan shan ruwan zafinku ki yi yadda kika ga dama, in dai da sunan waɗanda suka riga suka tafi ne. Amma akwai guda ɗaya. Tawa ce. Ita ba za ta fita bakinki ba sai ranar da kika gan ni a kwance, hannu a harɗe. Ranar ki zo ki yi mini ita, ko da 'yata za ta kira 'yan sanda."

Ismini ta haɗa yatsu biyu ta yi gicciye, ta sumbace su. "Na yi alkawari, Goggo."

Duk hunturun nan, kowace Laraba da rana, suna tare. Ismini takan kawo kek daga kantin masu kuɗi, Potitsa ta ba ta miyar wake da zaitun da busasshen burodi, ta zauna tana kallo har ta cinye. Takan doke ta a cinya in ta yi gaggawa. "Ina za ki? Gawa ba ta sauri. Ki bar wa mata wurin amsawa." In ta yi daidai kuma, sai ta juya baya ta ce, "Ba laifi," don kada a ga idonta. Ta so yarinyar nan so mai yawa, fiye da yadda ya kamata tsohuwa mai hankali ta so 'yar wasu. Har barci ta soma yi sosai, ita da ta yi shekaru tana juyi.

Ranar da ta ba ta tata waƙar, Ismini ta nemi ta ɗauka a kaset don kada ta manta ko kalma ɗaya. Potitsa ta ƙwanƙwasa dutsen ta ce, "Kai ake yi wa," sannan ta yi ta daga farko har ƙarshe, tana tsayawa a kowane gurbin amshi kamar ɗakin cike yake da mata. Da ta gama, Ismini tana kuka har da shessheƙa.

A watan Mayu Ismini ta gayyace ta gidan gahawar, ranar Lahadi da la'asar. Potitsa ta goge baƙar rigarta ta zuwa coci, ta hau jirgin ƙasa zuwa Athens ita kaɗai, tana ta saƙa yadda za ta zauna da mutunci kada ta ba yarinyar kunya.

Wurin wani ɗaki ne a ƙarƙashin bene, hayaƙin taba ya cika shi. Mai shi, Lefteris, wani mai gemu har ƙirji, ya taho ya sumbaci hannunta. A bango ya rataye garma da rariya da akumarin jaki. A kusurwa ga duron katako irin wanda ya karya mata baya, an shafa masa mai yana ƙyalli, an cusa busassun furanni a bakinsa.

"Ɗan nan, ga akumari. Jakin fa yana ina? Ko shi ma waƙa yake?"

Aka fashe da dariya, aka ce tsohuwar nan akwai barkwanci. Aka zaunar da ita a teburin gaba, aka kawo mata gahawa mai zaƙi kamar zuma. Da fari abin bai yi mata muni ba. Suka yi waƙoƙin biki, suka yi na girbin zaitun, kalmomin a karkace amma da zuciya ɗaya. Har ta kama kanta tana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Sai Ismini ta matso da bakinta kusa da makirufo ta ce, "Yau malamata tana nan. Duk abin da kuka ji a bakina, nata ne. Wannan kyauta ce gare ta." Ta kwance gashinta, ta girgiza shi ya zubo. Mai jita ya fara.

"Potitsa 'yar farin shekara, wa ya sauke miki duro?
Kin hau da shi shekara talatin, yau kin gangara ba shi."

Potitsa ta ajiye kofin. Ta dubi teburin: kofi, tasar toka, kwalbar kyandir. Babu dutse. Ta dubi ƙasa, siminti ne shafe. Sunanta ne ake kira da ƙarfi ta lasifika, a wurin da ba gawa, kuma ita ce mai sunan, tana zaune da gahawa a gabanta. Da aka kai gurbin amshi, inda ya kamata mata su ja numfashi, sai mai jita ya cike shi da ɗan kiɗi mai daɗi. Aka zo kan Petros, ɗan da ko ƙashinsa ba ta gani ba, wani saurayi a teburin baya yana kiran mai kawo gahawa da yatsa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wasu 'yan mata biyu a gefenta suna bin waƙar da leɓe. Sun san ta.

Aka gama. Tafi ya tashi kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano. Lefteris ya ɗago ta tsaye don jama'a su gan ta, wani yana cewa a maimaita. Ta tsaya ta bar su suka gaji, sannan ta ture kofin gabanta ta ce wa mai hidima, "Kawo mini wata, marar sukari." Ya kawo. Ta shanye ta a tsaye, ta ce, "To, Allah ya ji ƙaina." Suka sake dariya, suka sake tafi.

Ismini ta biyo ta waje a guje, gashi har yanzu a kwance, fuska tana walƙiya.

"Goggo, kin ga yadda suke son ki?"

"Sau nawa?"

"Me?"

"Yaran can sun iya ta. Sau nawa kika yi?"

Ismini ta sunkuyar da kai. "Tun Fabrairu. Juma'a da Asabar."

"Ashe na daɗe da mutuwa, ni ce ban sami labari ba."

"Goggo, saurare ni. Ita ce mafi kyau a cikin duk abin da kika ba ni. Ya za a yi abu irin wannan a yi shi sau ɗaya, a gaban mutum goma, a rufe shi da ƙasa? Ni so na yi ki ji ta da ranki. Meye amfaninta ranar da ba kya ji?"

"Wa ya gaya miki ba a ji?"

Da gaske Ismini take, wannan shi ne abin takaicin. Ba sata ta yi niyya ba, a ganinta ceto ta yi. Potitsa ta gyara kallabinta ta nufi tashar jirgi, ba ta waiwaya ba.

Ranar Laraba yarinyar ta zo da kek da rikoda da kaset ɗin, ido a kumbure. Ta ce ta daina yin ta, ta ce alkawari yana nan, ranar za ta zo ko tana bangon duniya. Potitsa ta kwanta a gado, ta ɗora dutsen a kan ƙirjinta, ta harɗe hannu a kansa, ta rufe ido.

"Shi ake yi wa. Yi in ji."

Ismini ta fara. Muryar tana nan yadda take. Amma ta koyi jan kalmar ƙarshe tana lanƙwasa ta don ta yi daɗi, kuma da ta kai gurbin amshi ba ta iya barinsa fanko ba, sai ta cike shi da ɗan sauti ta hanci, daidai inda jita ke shiga. Potitsa ta buɗe ido kaɗan. Yarinyar ba ita take kallo ba. Ta ɗaga haɓa tana kallon can saman ƙofa, inda teburin baya zai kasance, yatsunta suna kiɗa a gwiwa.

"Ya isa."

"Ban gama ba, Goggo."

"Kin gama. Ba ni kike yi wa ba, 'yar nan, kuma ba za ki ƙara iyawa ba. Ta zama tasu. Je ki ci gaba da yi musu, tana kawo mutane. Bar mini rikodar nan da kaset ɗin."

Ismini ta yi kuka, ta yi roƙo, ta tafi. Ta yi suna daga baya, an buga mata faifai, kuma a bayan kwalin an rubuta cewa waƙar ta gargajiya ce daga Mani, ba a san wanda ya ƙaga ta ba. Potitsa ba ta taɓa gani ba, ba ta iya karatu.

Ta koma wankin matakalarta. Ta gwada ƙaga wata sabuwa, amma rayuwa ɗaya ta yi, kuma ta riga ta zuba ta duka a waccan. Abin da ya rage mata kaset ne. Ta lallashi kanta cewa wannan dai dutse aka yi wa, da bakinta, ba jita, ba tafi, saboda haka ba ta ƙare ba. Ta san lallashi ne. Ba ta da wani.

Wata ranar Asabar da hantsi ta ɗauki rikodar ta kai kicin, inda Garifalia ke dafa wake. Ta ɗaura jan zare a maɓalli guda.

"Zo ki gani. Wannan mai zaren za ki danna. Kada ki taɓa na kusa da shi, yana gogewa. Ki ajiye ta daidai kaina, ba a ƙafa ba."

"Mama, mutane za su yi dariya."

"Sun riga sun yi. Ba sai kin kwance gashi ba, ba sai kin yi ihu ba. Yatsa ɗaya kawai nake roƙo. Shekara arba'in ina yi wa na wasu, ashe tawa ma ni zan yi."

Garifalia ta goge hannu a zanin girki, ta danna don ta gwada. Aka ji ƙwanƙwasar dutse, aka ji muryar tsohuwa ta ɗauki baitin farko, ta kai ƙarshe, sai shiru. Kaset yana juyawa, ba abin da ke fita sai ɗan huci. Garifalia ta miƙa hannu za ta kashe.

"Bar shi. Bai lalace ba. Duk inda ya yi shiru haka, kada ki kashe, kada ki tura gaba. Wurin amshi ne."

"To wa zai amsa?"

Potitsa ta dube ta. Kalmomi uku ne kawai ake maimaitawa, Garifalia ta ji su yanzun nan, kuma tana yarinya ta sha jin yadda ake yi daga bayan zanin uwarta. Leɓenta ya ɗan motsa. Sai ta juya ta ɗaga murfin tukunya ta ce waken yana neman kamawa.

Potitsa ta zauna a kan kujera, hannu a cinya, ta jira shirun ya ƙare. Muryarta ta ɗauki baiti na biyu.